Ƙasar Da Ba Ka Taka Ba, Ba Ka San Ta Ba

Da sanyin safiya, bayan an sallame sallar Asuba a Mahuta, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gona a ƙafa. Bai yi nisa ba sai ga ɗan acaɓa ya ci birki a gabansa: "Baba, ina kwana? Hau in rage maka hanya." Ya yi godiya, ya ce tafiyar yake so. Can gaba kaɗan wani tsohon ɗalibinsa ya tsayar da mota ya leƙo: "Malam, lafiya dai ko? Mashin ɗin ne ya ba da matsala?" Ya ce lafiya lau mashin yake, yana zaure a ajiye. Kafin hantsi maganar ta isa teburin mai shayi. Wasu suka ce fansho ne bai fito ba, wasu suka ce likita ne ya gaya masa abin da ya tayar masa da hankali. Ba wanda ya kawo a ransa cewa mutum mai lafiya, mai abin hawa, zai zaɓi takawa don kawai yana so ya ga yadda masara ta yi, ya gaisa da masu noma, ya dubi inda ruwan jiya ya bi.

Wannan ɗabi'a ta daɗe tana damuna. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, daga Mahutar Dandume zuwa Mahutar Kafur, mun mayar da tafiya a ƙasa alamar talauci. Yaro ba ya zuwa aike bayan layi sai an ba shi kuɗin mashin. Saurayi mai jini a jika zai tsaya bakin titi yana jiran abin hawa tsawon lokacin da ya ishe shi ya je ya dawo. Asarar da muke yi ta wuce kuɗin mai. Muna tashe da 'ya'yan da ba su san ƙasar da aka haife su a cikinta ba, kuma ƙasar da masu ita suka daina takawa, wani ne zai san ta fiye da su.

1. Kunyar da ba mu gada ba

A tambayi tarihi, wa ya kai Bahaushe tafiyar ƙasa? Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau, su kai kanwa da fatu da tufafi, su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiyar watanni ce, da jakuna da 'yan alaro, ana ƙetare Kwara, ana yada zango a garuruwan da ba a jin harshensu. Ayarin yana da tsari: madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da biyan fito da kuɗin wucewa. Waɗannan mutane su ne attajiran zamaninsu. Ba wanda ya kalli ƙurar ƙafarsu ya ce sun talauce.

Alhazan farko ma a ƙasa suka tafi, ta Borno da Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙwadago don samun guzuri, wasu kuma suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu ya kafu ne daga mutanen da suka ci gaba da tafiya gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana zagaya Gobir da Zamfara da Kabi yana wa'azi kafin hijirarsa daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke jagorantar mata daga ƙauyuka, a ƙafa, su zo ɗaukar karatu su koma su koyar.

A nan yankinmu, kakanninmu sun kai auduga kasuwar Funtuwa a kan jaki da kuma a ka. Jirgin ƙasa bai ratso ta Funtuwa ba sai ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka shimfiɗa layin da ya tashi daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Almajirai da 'yan ci-rani sun ci gaba da takawa shekaru da yawa bayan haka. Ashe kunyar tafiya a ƙasa baƙuwa ce, ba ta girmi zuwan mashin mai araha ba.

Wani abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne, yau ba ma girmama mai tafiya sai in siyasa ce ta sa shi. A 2015 wani matashi ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, aka yi ta ɗaukar hotonsa, wasu suka biyo sahu. Amma manomin da ke taka sayyadarsa zuwa gona kullum, da uwar da ke zuwa itace da ruwa, da yarinyar da ke kai abinci gona a ka, ba mai yaba musu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa sun koma tafiya a ƙasa. Sai dai sun koma ne da ɓacin rai, suna jiran ranar da za su daina. Da za mu gyara tunaninmu, da mun ci ribar wannan tilas.

2. Karatun da sai ƙafa ke yin sa

Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Mukan ɗauka ana nufin zuwa Makka ko Turai, alhali karatun yana farawa ne daga bayan gari. Mai gudu a kan mashin kore kawai yake gani. Mai tafiya a ƙasa shi ne zai bambanta ɗorawa da kaɗanya, marke da kirya, kanya da ɗinya. Shi zai lura gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ya gane dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi a tsakiyar gona. Shi zai san inda tsamiya take, inda gwandar daji ke fitowa, inda ake samun gamba ta yin zana, da inda sabara da kalgo suka mamaye saboda ƙasa ta gaji.

Ƙasar noma ma a tafin ƙafa ake fara sanin ta. Jigawa daban, laka daban, fako daban, fadama daban. Dattijon da ya yi rayuwarsa yana takawa zai gaya maka wannan gonar ta shinkafa ce, waccan ta dawa, ta can kuma sai an huta mata. Zai nuna maka zaizayar da ta fara tamkar wasa kafin ta zama kwazazzabo. Zai ce maka shamuwa ta sauka, a gyara garma. Kasuwar hatsi ta Dandume, wadda motoci ke zuwa daga nesa suna lodin masara da shinkafa, a kan irin wannan sani aka gina ta. In ya ɓace, taki da maganin feshi kaɗai ba za su maye gurbinsa ba.

Ɗalibai nawa ne a makarantunmu suka san cewa kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa yake tasowa? Ruwan da ke sauka a gonakinmu shi ne ke bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya gangara Kwara. Ana koya musu wannan a allo, su haddace don jarrabawa, alhali tafiyar rabin yini a gefen ƙorama, ko zagayen madatsar Mairuwa, za ta dasa musu shi a zuciya har abada. Gani ya kori ji.

Haka tarihi. Maska tsohon gari ne, kuma har yau hakimin Funtuwa sarautar Sarkin Maska yake riƙe da ita. Gozaki da ke ƙasar Kafur tana cikin tsofaffin garuruwan kudancin Katsina. Kusan kowane ƙauye yana da kufai, ko tsohuwar rijiya, ko marina da aka daina amfani da ita, ko kukar da aka kafa gari a gindinta. Dattawan da suka san labarin waɗannan wurare suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Kano suna kai 'ya'yansu Dala da Goron Dutse, mutanen Zazzau suna hawa Kufena, duk mai bin hanyar Gusau ya san dutsen Kwatarkwashi. Mu ma muna da duwatsu da tuddai a ƙasarmu, waɗanda in ka hau za ka hangi garinku da gonakinsa da rafukansa a lokaci guda. Yaron da ya taɓa yin wannan hange ba zai ƙara kallon mahaifarsa da raini ba.

Addininmu ma ya ƙarfafa wannan. A wurare da dama Alƙur'ani ya yi kira da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba halitta da makomar al'ummomin da suka shuɗe. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ziyarci masallacin Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya hau dutsen Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman. An kuma yi bushara da lada a kan kowane taku zuwa masallaci.

3. Jiki ma yana da haƙƙi

A da, hawan jini da ciwon suga ana ce musu ciwon masu kuɗi. Yau sun shigo gidan malamin makaranta da ɗan kasuwa da direba da matar aure. Dalilai suna da yawa, amma zama wuri ɗaya na cikin manyansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma minti 60 a kowace rana. Tafiya da ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika wannan lissafi. Ba ta buƙatar kuɗin shiga, ba ta buƙatar na'ura. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin kyauta ne.

Manomi mai huɗa da noma da hannu ba shi nake nufi ba, shi jikinsa ya samu rabonsa har ya yi yawa. Ina magana ne da mu da muka koma ofis da shago da kujerar mota, da matasan da ke wuni a majalisa kai sunkuye a kan waya, da matan da ke shekara ba su taka abin da ya wuce tsakar gida ba. Su ma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata suna da haƙƙin iska da motsi. Fita cikin rukuni, cikin sutura da mutunci, zuwa ziyarar dangi ko gonar gida, ba abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu. Zumunci a ƙafa yake, haka muka taso muka ji.

4. Maganar da ba za a kauce mata ba

Na san abin da mai karatu yake faɗa a ransa: wane daji za a shiga a wannan zamani? Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai san halin da muke ciki ba. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su cikin daji a ƙafa, wasu ko takalmi babu, ba a sako su ba sai ranar 17 ga watan. Kwana biyu bayan haka, a daren 19 ga Disamba, aka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 'yan Mahuta ta ƙaramar hukumar Dandume suna dawowa daga Maulidi a Unguwar Alƙasim. Allah ya taimaka jami'an tsaro da mutanen gari suka bi sawu aka kuɓutar da su. A 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina, har da namu. Akwai gonakin da aka bar nomawa, akwai ƙauyukan da suka tashi. Dajin Rugu da na Kamuku da na Kuyambana, waɗanda ya kamata a ce ɗalibai na zuwa kallon itatuwa da namun daji, sun zama wuraren da ake ambata da fargaba.

Don haka ba na kiran kowa ya kai kansa ga halaka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Inda mahukunta da mutanen gari suka ce kada a je, kada a je. Amma a dubi ɗaya ɓangaren. Me ya ba ɗan bindiga ƙarfi a kanmu? Bindiga na ciki, amma sanin daji ya fi ta. Ya san kowace 'yar hanya, kowane mashigi, kowane dutsen da ake laɓewa. Mu kuma muna ta janyewa zuwa bakin kwalta, har 'ya'yanmu ba su san hanyar da ta haɗa unguwarsu da ta maƙwabta ba in ba ta titi ba. Su wa suka iya bin sawu a daren da aka tare yaran Mahuta? Waɗanda suka san ƙasar. Lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, 'ya'yan yankunan aka ɗauka, saboda da ɗan gari akan ci gari. In muka bari sanin hanyoyi ya mutu tare da tsofaffin mafarauta, wa za a ɗauka nan da shekara ashirin?

Hanyar da ake bi kullum tana da idanu. Mai zuwa gona ya ga baƙon sawu, mai kiwo ya ga toka inda ba a saba hura wuta ba, labari ya isa wurin mai unguwa kafin dare. Hanyar da aka ƙaurace wa kuwa ciyawa ce ke rufe ta, mugu ya samu mafaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma hanyoyin da mu da kanmu muka kashe. Burtali da labi da hanyoyin ƙafa na tsakanin gonaki, kowace damina sai an ɗan ci gefensu da garma har su ɓace. Tun 1965 aka yi dokar wuraren kiwo a Arewa, amma yau makiyayi kan rasa inda zai bi da shanunsa, daga nan ɓarna, daga nan rigima. A Ingila, ma'aikatan masana'antu sun yi tattaki na gangami a tsaunin Kinder Scout a 1932 don neman 'yancin bin hanyoyin karkara, kuma a 1949 aka yi dokar da ta sa a zana hanyoyin ƙafa a taswira domin a kare su. Mu da muka gaji namu hanyoyin daga kakanni, mun fi kowa cancantar tsare su.

5. Abin da ke hannunmu

Na farko, a fara daga gida. Duk aiken da bai wuce cikin gari ba, a je shi a ƙafa. Uba ya ɗauki 'ya'yansa ranar da babu makaranta su zagaya iyakar gonarsu, ya nuna musu inda ta tsaya da wanda suke maƙwabtaka da shi. Rigingimun gado da yawa da ke gaban alƙalai daga rashin wannan zagaye suke tasowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, makarantu. Kowace firamare da sakandare da Islamiyya za ta iya ware rana ɗaya a zangon karatu don fita kusa da gari, da rana tsaka ba da dare ba, da sanin iyaye da izinin mai gari. A gayyaci tsohon mafarauci ko manomi ko mai maganin gargajiya ya yi jagora. Yara su rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da rafukan da suka gani, su zana taswirar garinsu da hannunsu. Littafin da za a tara daga wannan zai fi amfani ga Mahuta fiye da darussa da yawa da ake haddacewa.

Na uku, matasa. Ƙungiyoyin unguwa da na ƙwallo da na tsofaffin ɗalibai su tsara fita ta safe sau ɗaya a mako. A tafi cikin rukuni, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro inda aka nufa da lokacin dawowa. A fita bayan Asuba, a dawo kafin rana ta take. A riƙe gorar ruwa da sanda da malafa, a sa takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da kububuwa. Kada a ratsa shuka, kada a tsinki abin da ba a ba ka ba, kada a jefar da leda ko a tayar da wuta. A gaishe da duk wanda aka tarar, manomi ne ko makiyayi, domin gaisuwa a bakin ruga tana kashe zargin da ke girma a nesa. Matambayi kuma ba ya ɓata: in mutanen wuri suka ce a juya, a juya.

Na huɗu, masu sarauta da ƙananan hukumomi. Hakimai da dagatai su ne suka fi kowa sanin inda tsofaffin burtali da hanyoyin ƙafa suke. A bi su, a rubuta su, a kafa musu alama, a hana nome su. Ƙananan hukumomin Dandume da Funtuwa da Bakori da Kafur da Malumfashi za su iya wannan da kuɗi kaɗan, in akwai niyya. A kuma shuka itatuwan inuwa a gefen hanyoyin da ke fita gari, a ba unguwanni amanar rainonsu.

Na biyar, manyanmu su ba da misali. Ranar da aka ga liman da shugaban makaranta da babban ɗan kasuwa suna takawa zuwa masallacin Juma'a ko gona ba don abin hawa ya lalace ba, ranar ce yaro zai daina jin kunyar ƙafarsa.

Tsaron daji nauyi ne da ke wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina neman ta sauke shi ba har manomi ya koma gonarsa ta nesa ba tare da fargaba ba. Amma abin da ke kusa da mu, wanda har yanzu yake hannunmu, kada mu sallama shi saboda kasala ko girman kai. Sannu ba ta hana zuwa. Mu fara da bayan gari, mu san itatuwanmu da rafukanmu da maƙwabtanmu, mu koya wa 'ya'yanmu, domin gobe in an tambaye su ina ne ƙasarku, su iya kai mutum su nuna masa iyakarta.